Jaje Da Kyamara A Hannu

Dalar Ostireliya miliyan 76. Abin da gwamnatin Scott Morrison ta ware ke nan a Janairun 2020 don farfaɗo da yawon buɗe ido, kuma tun ranar kowa ya kama baki ɗaya: in kana tausayin waɗanda wutar daji ta cinye wa gari, ɗauki jakarka ka tafi hutu can. Har da masu cewa ka je da kula wayam, ka ciko ta da zuma da cuku daga shagunan ƙauye. Madalla! Ashe jaje ma ya koma cefane.

Ni dai ban hau wannan motar ba. Ranar 31 ga Disamban 2019, mutum kusan 4,000 ne suka tsere wa wuta zuwa bakin teku a garin Mallacoota, sama ta yi jawur da rana tsaka, kuma akasarinsu baƙi ne 'yan hutu, don mazauna garin ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Sai da jiragen ruwan soja suka zo kwashe su. Bayan kwana biyu, hukumomin jihar New South Wales suka umarci 'yan yawon buɗe ido su fice daga gaɓar kudu, tun daga Batemans Bay har iyakar Victoria. Ko wata ba a yi ba, bakin da ya ce a fita shi ne yake cewa a dawo. Toka ko hucewa ba ta yi ba.

Kuma wa zai dawo? Mun san su. Su ne masu tsayar da mota a gefen hanya su ɗauki hoton kansu a gaban gidan da ya ƙone ƙurmus, su ɓata fuska kamar an yi musu rasuwa, su ɗora a Instagram. Su ne masu tsallake shingen gandun dajin da aka rufe don neman ganin ɗan koala mai ƙuna, suna tattake tsiron da ya fara leƙowa, suna bi ta ƙarƙashin itatuwan da wuta ta rarake cikinsu. In ɗaya ya faɗo wa mutum a ka, ɗan sa-kai mai kashe gobarar nan da ya yi makonni bai ga gadonsa ba shi za a kira. A wajenmu, wanda ya je jajen gobara tabarma yake kaiwa ko kwanon hatsi, ya yi addu'a ya tashi. Ba ya tambayar inda ake sayar da tsaraba.

Za a ce ai mai shago da mai masauki suna buƙatar ciniki. To, sai me? Manomin da ya harbe shanunsa da hannunsa saboda ƙuna ba shi da shago. Iyalin da ke kwana a tanti ba su da ɗakin haya. Ɗakin da za su samu ma ɗan hutu ne zai riga su da kuɗi.

Amma ban yi mamaki ba, don maganar hutu ai mun san gwaninta. Ƙasa na ci da wuta a Disamba, Firayim Minista Morrison yana hutu a Hawai, da aka matsa masa ya ce shi ba ya riƙe tiyon kashe wuta. Shi ne fa ya shiga majalisa a 2017 da dunƙulen kwal a hannu yana cewa kada a ji tsoronsa. Shi ne tsofaffin shugabannin kashe gobara, su Greg Mullins, suka nemi gani tun Afrilun 2019 don su yi gargaɗi, bai ba su lokaci ba. Yanzu wai mu ne za mu gyara ɓarnar da kofin shayi da kwalbar zuma.

Da Morrison ya je garin Cobargo da wuta ta ci, ranar 2 ga Janairun 2020, wata mata ta ƙi miƙa masa hannu sai ya ƙara wa masu kashe wuta kuɗi. Ya kamo hannun nata da kansa ya girgiza, ya juya ya yi gaba.