Dala ba 'yar Amurka ba ce

Jama'a, yanzu ko tumatir ka taya a bakin Ƙofar 'Yandaka sai a ce maka "ai dala ta tashi." To wai ita dalar nan daga ina ta fito?

Asalin kalmar Bajamushiya ce. Wajen 1520 aka fara buga wani kuɗin azurfa a garin Joachimsthal, wanda yau yake ƙasar Cek. "Thal" a Jamusanci kwari ke nan. Sunan ya yi wa baki tsawo, aka gutsure shi ya koma "thaler", Turawan Ingila suka ce "dollar", Amurka ta ɗauka a dokar kuɗinta ta 1792. Ita ma aro ta yi.

Kakanninmu kuwa sun san dala tun kafin Lugga ya shigo Katsina ta wannan ƙofa tamu a 1903. Dalarsu ita ce azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake ke ƙetarowa da ita ta Sahara. Matar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jiki, don ɗan kasuwa ba ya karɓar wadda aka sauya wa kama. Barth, Bajamushen da ya ratsa Katsina a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya wuri 2,500 a Kano.

Da Bature ya kawo nasa kuɗin, sai dala ta koma sule biyu. Ka leƙa Maraɗi yau, dala sefa biyar ce, ko ƙosai da ƙyar. (Dutsen Dala na Kano dai babu ruwansa, kada wani ya ja mu can.)

Abin da ya sa nake jin haushin masu zagin dala kamar wata aljana ke nan. Waccan ta azurfa an yarda da ita ne don in ka auna za ka samu nauyinta cif. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 har ta haura 1,500, laifin na masu riƙon tamu ne: taki daga waje, magani daga waje, kayan gyaran injin ban-ruwa daga waje. Mai tumatir ɗin ma ba ƙarya yake ba gaba ɗaya, ko da yake wasu na fakewa da guzuma su harbi karsana.

Dattawan da suka kashe dala mai sule biyu, don Allah ku faɗa mana me take saye a lokacin.