Wanda Ya Karɓi Makulli Shi Ya Karɓi Amana

Akwai wata magana da takan zo gaban dattawan ikilisiyoyinmu na Zariya, wadda sau da yawa akan rufe ta da "a yi haƙuri" tun ba a buɗe ta ba. Mutum ya kai motarsa wurin dillalin motoci domin a sayar masa, ko ya bar ta a garejin dillalin a duba, ko kuwa bas ɗin zumuntar mata ce aka bari a hannun bakanike. Bayan kwana biyu a komo a tarar an cire batir, ko yaron gareji ya fita da ita ya buga wa wani a Ƙofar Doka, ko ma a ce ɓarayi sun shigo da dare sun tafi da ita ɗungum. Sai mai wurin ya nuna allon da ke jikin bango, mai cewa ba ruwansa da abin da ya sami motar kowa. To, wa zai biya?

Amsarmu ita ce a fara tambaya, makulli yana hannun wa?

Ba mu muka ƙago wannan ba. A watan Disamba na 1986 Mai Shari'a Kalu Anyah, tsohon Babban Jojin Jihar Borno, ya sauka a otal ɗin Imo Concorde da ke Owerri. Masu gadi suka ba shi alamar shiga a bakin ƙofa, ya ajiye Peugeot 505 ɗinsa, ya kulle, ya tafi ɗaki da makullinsa. Da gari ya waye babu mota. Ya yi ƙara, ya ci nasara a kotun farko, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, a 2002 kuma Kotun Ƙoli ta ce otal ɗin ba zai biya ba. Shekara 16 ke nan. Babban abin da ya kā da shi, bai miƙa motar a hannun kowa ba, wuri kawai aka ba shi ya ajiye. In haka ta sami babban joji, sai waɗanda a cikinmu suke zaune a lungunan birni, inda mota ba ta shiga, suke kai tasu ta kwana a gidan mai ko a wani fili su san inda suka tsaya.

Amma zancen dillali da bakanike dabam ne, nan ne kuma mutanenmu suke barin hakkinsu a banza. Dillali yakan karɓi mota da makulli, wani lokaci har da takardunta, domin ya nuna wa masu saye, ya sami la'adarsa. Bakanike ba zai yi aiki ba sai da makulli. Da zarar an yi haka, a dokar ƙasar nan motar ta zama amana a hannunsa. In ta lalace ko ta ɓace, ba mai mota ne zai sha wahalar nuna yadda aka yi sakaci ba. Wanda aka ba amanar shi ne zai nuna cewa ya kula da ita yadda mai hankali zai kula. In yaronsa da ya ɗora a kan motar ne ya sace wani abu, ko ya ɗauke ta zuwa biki a Tudun Wada ya yi haɗari, maigidan ba zai ce "ai ba ni ba ne" ya tsira ba. Allon bango ma ba laya ba ne. Dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ba ta yarda mai kasuwanci ya kafa sharaɗin da zai kuɓutar da shi daga babban sakacinsa ba.

Sai dai mu faɗi ɗaya gefen, gama cikin ikilisiya muna da dillalai da makanikai, ba masu mota kaɗai ba. Mai riƙon amana ba kamfanin inshora ba ne. In yana da katanga da ƙofa da maigadi, makullai suna kulle a ofis, 'yan fashi suka zo da bindiga suka ɗaure maigadin, ba adalci ba ne a ce ya sayar da gidansa ya biya. A nan asara takan koma kan mai mota. Inshorar da yawancinmu muke yanka, wadda aka ɗaga kuɗinta daga N5,000 zuwa N15,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ko kwabo ba ta bayarwa in taka motar aka sace.

Dattawa za su ga wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce. A Fitowa 22:7-13 an tsara shari'ar kayan da aka ba maƙwabci ajiya. In an kama ɓarawo, shi zai biya ninki biyu. In ba a kama shi ba, akan binciki mai ajiyar a ga ko ya sa hannu. Dabbar da naman jeji ya yayyage, sai mai ajiya ya kawo gawar shaida, ba zai biya ba, amma wadda aka sace daga wurinsa zai biya. Ashe tun zamanin Musa akan bincika kafin a ce wa kowa ya yi haƙuri.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa a fili ba. Da yawa daga cikin waɗanda muke hulɗar mota da su a cikin birni da bakin ganuwa maƙwabtanmu Musulmi ne, mu kuwa ba mu da yawa. Saboda haka wani yakan haɗiye asararsa don tsoron kada magana ta juya ta zama ta addini, wani kuma ya tafi yana gunaguni cewa an cuce shi ne domin shi Kirista ne. Duka biyun kuskure ne a ganinmu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau, wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, hawa motar ajiya zuwa harkar kai kuwa ƙetare iyaka ne. Mai sana'a ma an fi tsananta masa, domin littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ɗora masa lamunin kayan da ya karɓa ya yi aiki a kansu ba a gaban mai su ba. Wato in ka je wurin mai unguwa, ko shugaban ƙungiyar dillalai ko ta makanikai, ka ce na ba da amana ba a komo mini da ita ba, da harshen da suka sani kake magana. Ba alfarma kake roƙo ba.

Abin da yake kā da mu a irin wannan zama shi ne rashin shaida. Muna jin kunyar neman takarda, kamar neman rasit zargi ne. Mota ta miliyoyin naira, a miƙa ta da "sai na dawo". Ranar da aka zauna, mai mota ya ce da sabon batir da tayar safaya ya kawo ta, mai wuri ya ce bai gani ba, dattijo ya rasa ta inda zai kama. Rabin shafi ya isa: lambar mota, ranar da aka kawo ta, abin da ke cikinta, kuɗin da aka yarda a sayar, ko an yarda a fita da ita gwaji da wanda zai tuƙa, sa hannun mutum biyu da mai shaida ɗaya. A ɗauki hotonta ciki da waje da waya a gaban mai wurin. Ainihin takardun mota su zauna a gida, kwafi ya wadatar har sai mai saye ya biya. In motar ikilisiya ce, da baikon gwauraye da 'yan fansho aka saye ta, kada a bar wa direba shi kaɗai. Ma'aji ko wani ɗan kwamiti ya bi shi ya sa hannu.

In abin ya riga ya faru, a kai rahoton sata ga 'yan sanda a ranar, gama za a bukaci wannan takarda ko'ina aka je. Amma kada a mai da ofishinsu wurin karɓar diyya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma sa a tsare bakanike kwana uku ba ya komo da mota, sai dai ya rufe ƙofar sulhu. Diyya a teburin sulhu ake samunta, in ya gagara a kotu.

In duka biyun 'yan ikilisiya ne, mun yarda da gargaɗin Manzo Bulus a 1 Korintiyawa 6 cewa a sasanta a cikin gida. Sai dai muna roƙon dattawa su saurari kowa, su kira maigadi da yaran gareji, su faɗi wanda biya ya hau kansa da nawa ne, a rubuta a littafin majalisa. Bayan haka, in mai mota ya ga dama ya yafe rabi ko duka, ko a raba biyan wata-wata, sai a rubuta wannan ma a ƙarƙashinsa, su biyun su sa hannu.