Kada 108MP ya ruɗe ka: yadda ake gwada kyamarar waya da adalci

Wata ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, na ga wani saurayi ya ƙara kuɗi masu kauri ya ɗauki waya don kawai an rubuta 108MP a kwalinta. Hoto ɗaya ya ɗauki mai shago, ya duba, ya ce ta yi. A ganina wannan ba gwaji ba ne.

Kyamara mai 108MP yawanci tana haɗe fiksel 9 su zama ɗaya, hoton ya fito 12MP. Kuma cikin idanu ukun da ke bayan wayoyi masu araha, sau da yawa ɗaya ne ke aikin kirki.

In kana tsakanin Tecno da Redmi, nemi abokai masu irinsu kafin ka biya. Goge gilashin kyamarorin biyu, domin ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna dusashe hoto. Kashe gyaran fuska. Ka tsaya wuri ɗaya, ka ɗauki fuska ɗaya da kowacce, da rana tsaka, sannan bayan magariba a teburin mai shayi. A ƙarancin haske ake gane ta ƙwarai.

Kada ka yanke hukunci a sikirin ɗinsu, kowane da irin kalarsa. Tura hotunan zuwa waya ta uku a matsayin fayil, tunda WhatsApp yana matse hoton da aka tura kai tsaye. Sai ka miƙa wa wanda bai san wace ce ta ɗauki wanne ba, ya zaɓa. Wadda ya nuna, ita ta cancanci kuɗinka.