Wa Ya Ce Ramin Kuza Ba Wurin Bishara Ba Ne?



Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin wasu shugabannin zumunta: wai yaron da ya tafi haƙar kuza ya riga ya ɓata, sai dai a sa shi a addu'a. Sunansa yakan fita daga rajista shiru, ba mai bin sawu. Amma in ya dawo daga wajen Bukuru ko Barikin Ladi ranar bikin godiya da kuɗi a aljihu, ban taɓa jin wanda ya ce baikonsa yana warin rami ba. Wannan munafunci ne, tarihin ikkilisiya kuma ba zai goyi bayanmu ba.

A kudu maso yammacin Ingila akwai yankin Cornwall, ƙasar kuza da jan ƙarfe. Mahaƙan wurin sun yi suna da sha da dambe, masu hali suna ƙyamarsu. John Wesley, wanda Allah ya mora wajen kafa Metodis, ya fara zuwa can a 1743. Ba da tabarma aka tarye shi ba. A St Ives 'yan tarzoma sun rushe ɗakin da masu bi ke taruwa, a Falmouth kuma suka fasa ƙofar gidan da ya sauka a 1745. Duk da haka ya yi ta komawa.

A 1762, kusa da garin Redruth, iska mai ƙarfi ta hana shi wa'azi a inda ya saba tsayawa, sai ya gangara da jama'a cikin wani kwari da ake ganin ƙasa ce ta lotsa saboda haƙar da aka yi a ƙarƙashi. Wurin shi ne Gwennap Pit. Sau 18 ya yi wa'azi a cikinsa, na ƙarshe a 1789, yana da shekara 86. Ya taɓa ƙiyasta taron da mutum 32,000, ko da yake masana tarihi suna ganin tsohon ya ɗan ƙara gishiri. A 1806 mahaƙan da kansu suka gyara ramin, suka yi masa matakalan zama a zagaye. Daga 1807 ake sujada a ciki kowace shekara a lokacin Fentikos.

Abin da ya fi taron muhimmanci shi ne abin da ke faruwa bayan mai wa'azi ya hau dokinsa ya tafi. An raba masu bi aji-aji, mutum kamar 12, suna haɗuwa kowane mako, kowa ya kawo kwabonsa ya kuma faɗi yadda tafiyarsa da Ubangiji take. Shugaban ajin sau da yawa mahaƙi ne, wanda ya san zafin ramin da ƙurar da ke cin huhu. Irin wannan ƙasa ce ta fitar da Billy Bray, mashayin da ya tuba a 1823, ya zama mai wa'azi bai bar haƙa ba. Yakan tashi daga rami ya je ginin majami'a da hannunsa, har ya gina uku. Ta Kerley Downs tana nan tsaye. Da aka ƙidaya masu zuwa sujada a 1851, Metodis sun fi 'yan Angilikan yawa a Cornwall.

Na san amsar da za a ba ni: yawancin haƙar yau ba ta kan doka, akwai ƙwaya, akwai karuwanci, zuwa wurin kamar sa wa ɓarna hannu ne. To, Wesley ya tarar da mabiyansa na St Ives suna cinikin kayan fasa-ƙwauri, ya gaya musu a 1753 cewa ko su bari ko ba za su ƙara ganin fuskarsa ba. Ya iya tsawata musu ne domin ya je inda suke, ya san sunayensu. Mu da wane baki za mu tsawata wa yaron da shekara biyu ba mu tambayi inda yake kwana ba? In rami ya rufta da shi, lokacin ne za mu saka kayan zumunta mu je jana'iza da waƙa.

Ku karanta Ayuba sura 28. Littafi Mai Tsarki ya san mahaƙi, ya bi shi har cikin duhun ƙasa inda yake reto a igiya, nesa da mutane, bai kuwa yi masa ba'a ba.

Kafin taronku na wata mai zuwa, sakatare ya buɗe rajista ya fitar da sunan duk wanda ya tafi haƙa. A raba sunayen, kowane suna mutum biyu. Kuɗin hayar lasifika na babban taro ɗaya zai biya kuɗin motar. Ranar Asabar ɗin farko ni ma ina cikin tafiyar.