SHARHI: Ciwon Mafitsara Mai Naci Da Cinikin Maganin Da Ba A Tabbatar Ba

Cikin cututtukan da suka daɗe suna ba masana'antun harhaɗa magunguna wahala akwai ciwon mafitsara mai naci, wanda ke sa majiyyaci raɗaɗi a mara da yawan fitsari dare da rana, alhali in an auna fitsarin ba a samun ƙwayar cuta. Mata ne suka fi fama da shi. Wani bincike da cibiyar RAND ta buga a 2011 ya ƙiyasta cewa mata miliyan 3 zuwa miliyan 8 ne ke da alamunsa a Amurka kaɗai. Ga 'yan kasuwa wannan babbar dama ce, amma magani mai inganci ya ƙi samuwa.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, watau FDA, ta amince da magani biyu ne kacal musamman domin wannan ciwo. Na farko shi ne DMSO, ruwan da ake ɗurawa cikin mafitsara, a 1978. Na biyu shi ne Elmiron, wanda ake haɗiya sau uku a rana, a 1996. To, amma a 2015 aka buga sakamakon gwajin Elmiron a kan mutane 368, inda aka ga bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani ba. A 2018 kuma likitocin ido na Jami'ar Emory suka ba da rahoton lahani a can cikin idon majiyyata shida da suka daɗe suna shan sa. Sai a 2020 aka ƙara gargaɗi a takardar maganin, bayan an shekara 24 ana sayar da shi, kana ƙararraki suka biyo baya a kan kamfanin Janssen.

Masu zuba jari su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Yuni na 2018 kamfanin Aquinox na ƙasar Kanada ya bayyana cewa sabon maganinsa, rosiptor, ya faɗi a gwajin mataki na uku. A rana guda darajar hannun jarinsa ta zube da fiye da kashi 80 cikin 100.

Dalilin wannan faɗuwa a jere ba ɓoyayye ba ne. An daɗe ana tara majiyyata iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya. Wasu suna da gyambo a bangon mafitsara, wasu matsalarsu daga tsokokin ƙugu take, wasu kuwa ciwon ya game sassan jiki da dama. Idan aka haɗa su a gwaji guda, amfanin da kaɗan suka samu sai ya nitse cikin taron. Ƙasar Japan ta nuna wata hanya a 2021, yayin da ta amince da DMSO domin masu gyambon kawai.

Saboda haka bai kamata a bar wannan bincike a hannun kamfanoni su kaɗai ba. Kamfani yakan so kasuwa mai faɗi, ilimi kuwa na bukatar a rarrabe majiyyata tun kafin a fara gwaji. Wajibi ne gwamnatoci da jami'o'i su sa kuɗinsu, a buga sakamakon kowane gwaji ko da bai yi daɗi ba, a kuma ci gaba da bin diddigin magani bayan ya shiga kasuwa.

Nijeriya na da darasi a nan, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Yawancin magungunan ƙasar nan daga waje ake shigo da su, kuma daga aljihunsa talaka ke biya. Mace mai ciwon mara takan yi ta sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis da sunan ciwon sanyi, kuɗi na tafiya, ciwo na nan. Ga kuma tsagiya, wadda ta yawaita a ƙasar, tana iya kawo alamu makamantan waɗannan. Awon fitsari ya fi araha a kan magani na wata da watanni. Ya rage ga hukumar NAFDAC da asibitocin koyarwa su ƙarfafa tattara rahoton illolin magunguna, su kuma nemi hujja mai ƙarfi kafin a kashe kuɗin musayar ƙasashen waje a kan kowane sabon magani.