Zauren Fasaha: VPN na Gida da Maganar Ɓoye Adireshi

A wannan wata za mu taɓo maganar da ta yawaita a bakin samarinmu daga Aboabo zuwa Asawase, wato ɓoye adireshin intanet ta hanyar VPN, musamman irin wanda mutum ke haɗa wa kansa a gida.

Duk wayar da ta hau intanet, kamfanin sadarwa kamar MTN ko Telecel yakan fitar da ita da wata lamba da ake kira adireshin IP. A tsohon tsari gungun lambobi huɗu ne, kowanne daga 0 zuwa 255, kuma duk shafin da muka leƙa yana ganinsa. Ba ya faɗin sunan mutum, amma yana nuna ƙasarsa da kamfaninsa, wani lokaci har da garin. Shi kuwa kamfanin ya san mai layi, tunda a 2021 aka fara haɗa layuka da Ghana Card.

Dattawanmu sun san irin wannan tun kafin intanet ta iso Ghana a 1995. Baƙon da ya zo fataucin goro yakan sauka wurin maigida, wasiƙunsa su riƙa shiga da fita ta akwatin gidan waya na maigidan. Na nesa lambar akwatin kawai yake gani, amma maigida ya san baƙonsa sarai. Haka VPN na kamfani yake: saƙonka yana bi ta kwamfutarsu a rufe, shafuka su ga adireshinsu maimakon naka, su kuma su san daga inda ka fito.

To, ina VPN na gida? A ce ɗanmu da ke Jamus ya girka wata 'yar na'ura mai WireGuard ko OpenVPN a ɗakin mahaifiyarsa a Sabon Zango. Duk lokacin da ya kunna, saƙonsa zai fara zuwa Kumasi, sannan ya fita duniya ɗauke da adireshin gidan. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin yana kare shi daga masu leƙen asiri a intanet ɗin otal ko filin jirgi, yana kuma ba shi damar duba kyamarar gida. Sai dai adireshin gidan ne ke bayyana a ko'ina ya shiga, kuma in ya yi abin da bai dace ba, layin Hajiya za a nema.

Wanda yake son adireshin gida ya ɓoyu, hanya biyu gare shi. Ko dai ya saita na'urar ta riƙa miƙa saƙo ga VPN na kamfanin da ya amince da shi, ko ya yi hayar kwamfuta a wata cibiyar ajiyar bayanai ya girka nasa a can. A hanya ta biyu, ya tuna cewa masu hayar sun san wanda ya biya. Bayan ya gama, ya tambayi Google adireshinsa sau biyu, VPN a kashe sannan a kunne, ya gwada lambobin.

Muna jan kunnen 'yan'uwa game da VPN na kyauta. Kwamfuta da wuta kuɗi suke ci, saboda haka a tambayi kai: da me suke biya? Kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. Haka nan babu VPN da zai hana ɗan damfara kwashe kuɗin MoMo in an karanta masa lambar sirri ta waya. Wanda aka cuta ya kai ƙara ga Hukumar Tsaron Intanet da dokar 2020 ta kafa.

Iyaye kuma, in yaro ya kawo na'ura zai jona a gida, a tambaye shi su wa za su bi ta cikinta, domin sunan wanda ke kan layin shi za a kira.

Sai wata mai zuwa, in muna da rabo.