Aure da Tagwaye Ba Su Ne Ƙarshen Labari Ba

Akwai maganar da na gaji da ji a tsakaninmu: wai mai karatu ba abin da yake so a ƙarshen littafin soyayya sai a ɗaura aure, kowa ya tashi yana murmushi. Wannan raini ne ga mai karatu, kuma lalaci ne muke sakayawa da sunansa.

Ku dubi abin da ya sami Stephenie Meyer ta Amurka. A 2008 ta fitar da Breaking Dawn, na huɗu kuma cikamakin jerin Twilight. Matasa sun yi layi a shagunan littattafai har tsakar dare suna jiran a buɗe kwali. Kwana kaɗan bayan haka, wasu daga cikinsu suka fara kiran a mayar da littafin shago a karɓo kuɗi. Shin jarumar ta kashe? Ko kusa. Komai ta ba ta, kuma shi ne laifin.

Littafi uku ana gaya wa mai karatu cewa idan Bella ta zaɓi Edward ta zama mai shan jini irinsa, za ta rabu da iyayenta, ba za ta haihu ba, ƙishin jini zai hana ta kusantar mutane. Da aka zo biya, sai ga ta da miji, ga 'ya, ga mahaifinta yana zuwa gaishe su, ƙishin ma ta danne shi kamar ba komai. Jacob, wanda aka daɗe ana jan zuciyarmu a kansa, aka ɗaure ransa ga jaririyar don kawai a sallame shi. Maƙiya suka yi gangami, aka ja daga, sannan aka yi magana aka watse. Masu fim ma sun ga giɓin, shi ya sa a 2012 suka cusa yaƙin, daga baya suka nuna ashe hange ne.

To mu fa? Shafi tamanin a Wattpad ko WhatsApp miji yana dukan yarinya, yana wulaƙanta ta gaban kishiya. A shafi na tamanin da ɗaya ya yi hatsarin mota, ya farka a asibiti yana kuka, ta yafe. Kishiya ta haukace, tagwaye suka zo, aka tafi Dubai. Tammat bi hamdillah. Ina tabon dukan ya tafi? Wa ya biya?

Na san amsar da za a ba ni: masu sharhi ne suke roƙo, "Anti don Allah kar ki raba su." Gaskiya ne, kuma mai sayar da littafi ta waya tana tsoron ranar da za a daina turo kuɗi. Amma mai wannan roƙon tana tsakiyar labari ne, tsoro take ji, kuma tsoron shi ya sa ta biya. Ita ce dai bayan mako guda za ta ce ƙarshen bai yi armashi ba.

Ban ce a kashe kowa ba. Ku aurar da su in labarin ya kai can. Amma idan a babi na uku kin ce aurensa zai raba ta da mahaifiyarta, to ranar kai amarya ina so in ga ɗakin uwar a rufe.